Yadda wuƙar kifi ta ƙarfe mara tsatsa za ta yi tauri kuma ta lanƙwasu ba ta karye ba

Wani ɗan'uwanmu mai sana'ar gyaran kifi a kasuwar Bangala ta Jidda ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi ɗan gidan maƙera ne, ya tashi yana ganin yadda ake ƙera wuƙa da sifirin mota, amma irin waɗannan wuƙaƙe ba sa kwana biyu a wurin aikinsa sai tsatsa ta kama su saboda gishiri da laimar bakin teku. Don haka ya gwada ƙera tasa da ƙarfe mara tsatsa har sau biyu. A karon farko ya yanko guntu daga tsohon teburin kicin na gidan abinci, ya gasa ya tsoma a mai, ƙarfen bai taurara ba ko kaɗan. A karo na biyu ya sayi sandar ƙarfe mara tsatsa nau'in 440C mai kaurin milimita 3, ya gasa a gawayi har maganaɗisu ya daina kama ta, ya tsoma a mai, amma magagari na cinta kamar ba a yi komai ba. Yanzu kuma wani ya ba shi shawarar cewa idan yana son wuƙar ta riƙa lanƙwasuwa, to ya sake gasa ta har ta yi shuɗi. Yana son ya san inda ya kuskure.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zan fara da batun lanƙwasuwa, domin a nan ne mafi yawan masu ƙira suke ɓatar da ƙarfe da lokaci. Yawan ƙarfin da ake buƙata kafin wuƙa ta lanƙwasa ba ya canzawa da gashi. Idan ka ɗauki wuƙaƙe biyu masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya da kauri ɗaya, ɗaya an taurara ta sosai ɗaya kuma an bar ta da laushinta, ka rataya wa kowace nauyi kaɗan a tsininta, za ka ga sun sunkuya daidai da juna. Abin da yake sa wuƙa ta yi sauƙin lanƙwasawa shi ne sirantarta, kuma lissafin abin yana da ban mamaki, domin ƙin lanƙwasuwa yana tafiya ne da kaurin da aka ninka da kansa sau uku. Wuƙa mai kaurin milimita 1.5 ta fi mai milimita 3 sauƙin lanƙwasawa sau takwas. Sandarka ta milimita 3, ko da za ka kwana kana gasa ta, ba za ta bi bayan ƙayar kifin hamur ko najil yadda kake so ba, sai dai idan ka rage mata kauri.

To, mene ne aikin gashi ke nan? Aikinsa shi ne ya ƙayyade abin da zai faru idan lanƙwasawar ta yi nisa. Ƙarfe mai laushi yana saurin kai wa iyakar da ba ya iya komawa, shi ya sa idan ka tanƙwara shi sai ya zauna a tanƙware kamar cokali. Ƙarfe mai tauri kuwa iyakarsa tana da nisa, yana lanƙwasa sosai ya dawo ya miƙe sak, sai dai idan aka wuce iyakar, maimakon ya tanƙware sai ya karye. Saboda haka wuƙar feɗe kifi ta gari siririya ce kuma mai tauri, kuma duk wanda ya tausasa ƙarfe da niyyar samun lanƙwasuwa, abin da zai samu shi ne wuƙar da take dakushewa da wuri, ta kuma zauna a karkace tun ranar farko. Taurin da nake nema wa irin wannan wuƙa yana tsakanin 58 da 60 a ma'aunin Rockwell na C, wato ma'aunin da ake danna tsinin daimon a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150 a ga zurfin da ya shiga. Wuƙaƙen kicin na Jamus da ake sayarwa a kantuna galibi suna tsakanin 56 da 58, kuma hakan ma yana aiki, sai dai suna yawan buƙatar wasawa.

Gwajinka na farko bai da laifin hannu, laifin ƙarfe ne. Ƙarfe mara tsatsa suna ne na dangi guda, abin da ya haɗa su kawai shi ne kowanne yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Teburan kicin da tukwane da wuraren wanke kwanuka yawanci ana yin su ne da nau'in 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kabon ɗinsa kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wannan nau'i ba ya taurara da wuta ta kowace hanya, hasali ma idan ka gasa shi ka sanyaya da sauri ƙara laushi yake yi. Maganaɗisu ba ya kama shi sosai, kuma wannan ita ce alamar farko da za ka duba a wurin masu gwangwan. Amma kada ka ɗauka duk wanda maganaɗisu ya kama ya yi, domin nau'in 430 da ake yin fuskar tallaja, wato firji, da shi maganaɗisu na kama shi, alhali shi ma ba shi da kabon da zai taurara. Shawarata ita ce ka daina ƙera wuƙa da ƙarfe mara tsatsa wanda ba ka san sunansa ba, domin gashin kowane nau'i yana da nasa lissafin.

Gwaji na biyu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ƙarfen daidai ne, dabarar kakanni ce ba ta dace da shi ba. Maganaɗisu yana sakin ƙarfe a wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas. Sifirin mota yana buƙatar wajen digiri 830 zuwa 850, don haka maƙerin da ya ga maganaɗisu ya saki, ya ɗan ƙara zuga kaɗan ya tsoma, ya dace. Shi kuwa 440C yana buƙatar tsakanin digiri 1,010 da 1,065, kuma a riƙe shi a wannan zafin na wajen minti 20 zuwa 30. Ka ga ke nan ka cire shi daga wuta da sauran fiye da digiri 200 a gaba. Dalilin wannan tazara shi ne, a cikin irin wannan ƙarfe kabon ba a sake yake ba, kuromiyam ya riƙe shi sun dunƙule sun zama ƙananan tsakuwoyi masu tauri da ake kira kabayid, waɗanda ba su da wata alaƙa da kabayid ɗin masu walda sai ta suna. Sai zafi ya haura digiri dubu sannan waɗannan tsakuwoyi suke fara narkewa a cikin jikin ƙarfen, su saki kabon wanda zai kawo tauri, su kuma saki kuromiyam wanda zai hana tsatsa. Ƙarfen da bai kai wannan zafin ba ya yi asara biyu a lokaci ɗaya, ba tauri ba kuma cikakken kariya daga gishiri. A launi, zafin da ake nema ya wuce ja, ya shiga ruwan lemo mai haske har yana neman rawaya, amma ban yarda kowa ya dogara da ido a nan ba, domin kuskuren digiri 30 yana canza sakamako, ido kuwa a hasken ranar Jidda yana iya kuskuren ɗari.

Game da zaɓin ƙarfe, da ni ne kai da ban yi wuƙar feɗe kifi da 440C ba. Yana da kabon wajen kashi 1 da kuromiyam kashi 16 zuwa 18, kuma yawan nan yana barin manyan tsakuwoyin kabayid da ba sa narkewa, waɗanda suke taimaka wa kaifi ya daɗe amma suke zama wuraren da tsagewa take farawa idan siririyar wuƙa ta lanƙwasa. Waɗanda suka fi dacewa su ne ƙarafan ƙasar Suwidin guda biyu. Akwai AEB-L na kamfanin Uddeholm, mai kabon kashi 0.67 da kuromiyam kashi 13, wanda asalinsa ƙarfen reza ne, tsakuwoyinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa yake jure lanƙwasawa yake kuma ɗaukar kaifi mai kyau. Akwai kuma 14C28N na kamfanin Sandvik, wanda sashensa na ƙarafa ya koma Alleima a 2022, mai kabon kashi 0.62 da kuromiyam kashi 14 da ɗan naitirojin. Ga mai aiki cikin ruwan gishiri kullum, na biyun nake fifitawa, domin ya fi na farkon jure tsatsa. Ka nemi mai kaurin milimita 2 ko ƙasa da haka tun daga wurin saye, ka huta da wahalar ragewa.

Kafin wuta, ka yanke siffar wuƙar, ka huda ramukan ƙusoshin mariƙi, domin bayan gashi ba za su hudu da sauƙi ba, ka kuma goge duk wata kusurwa mai kaifi ko zurfin karce, musamman inda ruwan wuƙa ya haɗu da mariƙi. Idan ƙarfen siriri ne kamar wanda na ambata, kada ka fitar masa da baki tukuna, ka gasa shi da kaurinsa ɗaya daga baya zuwa baki, domin hakan ne yake hana shi murɗewa. Sai ka wanke shi tas da sinadarin goge maiƙo, ka naɗe shi a cikin takardar ƙarfe mara tsatsa da aka yi musamman don wannan aiki, ka ninke bakunan sau biyu ka danne su yadda iska ba za ta shiga ba. Takardar alminiyam ta kicin ba ta shiga wannan magana, domin alminiyam yana narkewa a digiri 660. Amfanin naɗin shi ne, a zafin da ya haura dubu iska tana cinye kabon na fatar ƙarfe, ta bar ɓawo mai laushi wanda yake yaudarar mai gwadawa da magagari. Ɗan barbaɗa hodar jarirai a jikin wuƙar yana hana takardar mannewa. Ka sa safar hannu, gefen takardar nan yana yanka kamar reza.

Gashin kansa yana buƙatar tanderun lantarki, wanda a nan muke ce wa furun, mai na'urar da take riƙe zafi a inda aka saita. Ga 14C28N ko AEB-L, idan ba ka da hanyar sanyayawa fiye da tallajar gida, ka tsaya a wajen digiri 1,050, idan kuma kana da busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar, kana iya hawa zuwa wajen 1,070 ko 1,080. Ka bari furun ya kai zafin ya zauna, ka sa wuƙar a tsaye a kan bayanta, ka jira zafin ya dawo inda yake, sannan ka ƙirga minti 10 zuwa 15. Wuce gona da iri a nan yana da illa kamar gazawa, domin idan zafi ya yi yawa ƙwayoyin ƙarfen suna girma ya zama mai saurin karyewa, kuma kabon da ya narke fiye da kima yana sa wani kaso na ƙarfen ya ƙi taurara idan an sanyaya. Ka kashe wutar furun duk lokacin da za ka sa awartaki a ciki, domin wayoyin da suke ba da zafi a fili suke.

Larabawan da muke aiki tare suna kiran sanyayawa shayar da ƙarfe, amma wannan ƙarfe ba ya son ruwa, yana iya tsagewa a take. Kuromiyam yana sa ya taurara ko da sanyin bai yi saurin na ruwa ba, abin da ake buƙata kawai shi ne ya sauko ƙasa da digiri 600 cikin minti biyu, don kada kabayid ya sake taruwa a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen. Hanya mafi kyau ga siririyar wuƙa ita ce faranti biyu masu kauri na alminiyam, kowanne wajen milimita 25. Kana fito da wuƙar, da naɗinta da komai, sai ka shimfiɗa ta a kan ɗaya ka kifa ɗayan ka danne da ƙarfi, idan da injin hura iska ka hura ta tsakaninsu. Alminiyam yana zuƙe zafi da sauri, matsin kuma yana riƙe wuƙar a miƙe. Akwai wani ɗan lokaci mai daraja bayan minti ɗaya ko biyu, lokacin da wuƙar ta daina ja amma ba ta gama taurara ba: idan ka yanke naɗin ka hango ta karkace, kana iya miƙar da ita da hannu cikin safa mai kauri, tana bin hannu kamar dalma. Da zarar ta huce ta kai yadda za ka iya riƙe ta, kada ka sake gwada hakan, domin a lokacin ta zama kamar gilashi.

A nan yanayin garinmu yana shigowa cikin lissafi. Taurarar ƙarfen tana faruwa ne a hankali yayin da yake sauka daga wajen digiri 200 zuwa ƙasa, kuma a irin waɗannan ƙarafa ba ta kammaluwa ko a zafin ɗaki na ƙasashen sanyi, balle a warsha, wato shagon ƙira, ta Jidda da rani, inda farantan kansu suke iya kaiwa digiri 40 tun kafin a ɗora musu komai. Kason da bai juya ba yana zama da laushi a cikin wuƙar, yana rage tauri, yana sa baki ya riƙa naɗewa. Maganinsa shi ne a ci gaba da sanyayawa ba tare da jinkiri ba. Da wuƙar ta huce, ka tsoma ta a ruwan sanyi, ka wuce da ita kai tsaye cikin sashen ƙanƙara na tallaja, wanda yake wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ta yi awa ɗaya. Busasshiyar ƙanƙara, wadda masu jigilar kifi da ayis kirim suka sani, tana kaiwa 78 ƙasa da sifili kuma ta fi aiki, ruwan naitirojin kuwa yana kaiwa 196. Muhimmin abu shi ne gaggawa, domin idan aka bar wuƙar ta kwana kafin a sa ta a sanyi, kason nan yana kafewa ya ƙi juyawa. Idan za ka ɗauko busasshiyar ƙanƙara a mota ka buɗe tagogi, kada kuma ka rufe ta a cikin abin da iska ba ta fita.

Bayan sanyi sai gashin sassautawa, wanda yake rage wa ƙarfen gautsi. Ka bar wuƙar ta dawo zafin ɗaki, ka sa ta a furun a digiri 175 na awa biyu, ka fito da ita ta huce, ka sake mayar da ita na wasu awa biyu. Wannan yana ba da tauri a wajen 59 zuwa 60. Idan ka fi son ƙarin juriya ka yi a 200, za ka rasa maki ɗaya ko biyu. Furun na girki yana iya wannan aiki, amma lambobin da ke jikin maɓallinsa ba abin dogaro ba ne, don haka ka sa ma'aunin zafi na daban a ciki, ka kuma binne wuƙar a tiren yashi wanda ya riga ya ɗauki zafi, domin yashin yana rage hawa da saukar da wutar take yi.

Shawarar gasawa har shuɗi kuwa, wanda ya ba ka ita ya faɗi abin da ya sani ne game da baƙin ƙarfe, inda shuɗi yake fitowa a wajen digiri 300, kuma da shi ake yin sifirin. A ƙarfe mara tsatsa kuromiyam yana jinkirta fitowar launi, ta yadda kafin ka ga shuɗi zafi ya kai wajen 500 ko ya wuce. Tsakanin digiri 425 da 550 kuwa shi ne wurin da ya fi kowane haɗari ga waɗannan ƙarafa, domin a nan kuromiyam yake sake haɗuwa da kabon ya bar jikin ƙarfen ba kariya, juriyar karyewa ma ta ragu. Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna shekarun baya. Na bi bayan wata wuƙa da wutar walda don in tausasa shi yadda ake yi wa adda, na goge launin ta yi fes, na ba wani mahauci. Bai yi mako biyu ba ya dawo mini da ita, bakin yana nan da haskensa, amma duk tsawon bayan, daidai inda harshen wutar ya bi, ɗigo-ɗigon tsatsa ne a jere kamar an yayyafa barkono. Tun daga ranar ban sake kusantar da wutar walda ga irin wannan ƙarfe ba.

Wannan haɗari yana nan kuma a wajen fitar da baki. Tunda bayan gashi za ka ci ƙarfen, duk inda ya yi launin rawaya ko shuɗi a ƙarƙashin dutse, to wurin ya ƙone, taurinsa ya tafi. Injin yankan nan da ake kira saruk yana da gudu fiye da kima ga wannan aiki. Ka yi amfani da injin bel da sabon bel, ko dutse mai ruwa, ka riƙe wuƙar da hannu ba safa don ka ji zafinta, kana tsoma ta a ruwa bayan kowane shafi ɗaya. Kada ka yi amfani da bel ɗin da ya ci baƙin ƙarfe, domin ƙurarsa tana nutsewa a jikin wuƙar ta yi tsatsa a can. A nan ne kuma za ka gina lanƙwasuwar da kake nema: ka bar gindin wuƙar wajen milimita 2, ka riƙa sirantar da ita a hankali har ta kai ƙasa da milimita 1 kusa da tsini, yadda lanƙwasawar za ta bazu a rabin gaba maimakon ta taru a wuri ɗaya. Ka goge jikin ya yi santsi sosai, domin gishiri a cikin karce yake fara huda ƙarfe.

Don ka san ko aiki ya yi, ka riƙa gasa ɗan guntun ƙarfe iri ɗaya tare da kowace wuƙa. Bayan an gama, ka goge fatarsa ka bi shi da sabon magagari, ya kamata ya zame yana ƙara ba tare da ya kama ba. Sannan ka matse guntun, ka sa tabarau, ka karya shi ka dubi cikin: idan toka-toka ne mai laushin gani kamar garin siminti, gashi ya yi, idan kuwa yana ƙyalli da ƙwayoyi kamar sukari, zafi ya yi yawa. Ita wuƙar kanta, ka danna tsininta a kan katako ka lanƙwasa ta daidai yadda aikin kifi yake buƙata, ka saki, ka hango ta ta baya ka ga ko ta dawo sak.

Idan ba ka da furun mai kaiwa wannan zafi, gawayi da zugazugi suna iya kaiwa digiri 1,050, amma riƙe shi a wurin na minti goma ba tare da tsini ya ƙone ba abu ne da ban ga wanda yake yinsa daidai sau biyu a jere ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka tara wuƙaƙe biyar ko goma na ƙarfe iri ɗaya, ka kai wa masu gasa ƙarfe na sana'iyya, wato unguwar masana'antu, waɗanda suke yi wa masu mazubin masana'antu aiki, ka rubuta musu sunan ƙarfen da taurin da kake so, ka kuma roƙe su su auna maka a wajen mariƙi inda ƙarfen yake a shimfiɗe. Sandarka ta 440C ma ba ta lalace ba, tunda zafin da ka ba ta bai kai ya yi mata illa mai zurfi ba. Ka goge ɓawon da gawayi ya bari har ka kai ƙarfe mai haske, ka gajarta ta zuwa wajen santimita 13 ko 15, ka sa ta cikin waɗanda za a gasa a digiri 1,040 a sassauta a 200, za ta yi maka wuƙar yanke kai da buɗe cikin kifin kanad, aikin da ba ya son lanƙwasuwa.